Iskar da Ta Kawo Malama

Zuwa ga maigidana, baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya kuma bayan nan naka da yake riƙewa idan ka daɗe a kan turken wuta? Mu nan lafiya lau muke. Baba yana sa maka albarka, Babbar da Auta suna gaishe ka.

Direban motar kayan aikinku ne ya biyo ya gaya mini wayarka ta suɓuce daga aljihu ta faɗa kwata. Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Ya ce zai riƙa wucewa ta layinmu in ya zo ɗaukar kayan gyara, shi ne na ce to, mu koma biro da takarda kamar lokacin da kake zarya a ƙofar gidanmu. Kada ka yi wa rubutuna dariya, babban yatsana ne a kumbure, zan gaya maka dalili.

Guguwar da aka kwashe ku dominta, an faɗa a rediyo mu ma ba za ta ƙyale mu ba. In ta gama da ɓangarenku nan za ta yo, kuma an ce kowa ya shirya zaman duhu mai tsawo. Matan layi sun samu abin tsokana. Matar mai shago ta ce ashe matar mai wuta ma za ta yi laluben ashana tare da su. Na ce mata ai mai wutar na kowa ne, ni suna kawai na ci.

Ruwa na fara tarawa, don na san in wuta ta tafi famfo zai bi ta. Duro ya cika, jarkoki sun cika, bahon wanki da tukwane ma ban bar su ba, har Auta ta kawo mini kofin wasanta wai shi ma a cika. Babbar ce mai kula da fitilu. Ta jera su a bakin soket, kowace ta sha caji ta ba 'yar uwarta wuri. Na bi layin gas tun hantsi har rana ta karkata, na biya na sayo batir da ashana da kifin gwangwani da madara. Takardunmu na ƙulle su a leda na ɗora a saman kabad. Keken ɗinkina kuwa ni da Babbar muka ciccibe shi muka ɗora a kan tebur, na lulluɓe shi kamar jariri.

Sai maganar tagogi. Baba ya fito da kujerarsa ya zauna, ya sa aka kwaso katakon da ke bayan kicin. Ka san hannunsa yanzu rawa yake yi, ba ya iya riƙe guduma, amma bakin kafinta bai yi ritaya ba. Ni ce a kan tsani, shi yana nuni da sanda. Na buga nan, ya ce ƙusar ta karkace. Na buga can, ya ce wannan riƙon guduma ne ko na ludayi. Ina ƙoƙarin danne dariya saboda kunya, na kai wa yatsana. Da muka gama ya zagaya ya girgiza kowane katako, ya ce da an same ni da ƙuruciya da an yi kafinta. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin yabo irin wannan daga bakinsa ba, sai na ji yatsan ma ya rage zugi.

Abin da yake hana ni sukuni Baban ne. Allurar sukarinsa ba ta son zafi, shi ya sa na cika robobi da ruwa na zuba a firiza su ƙanƙare, in wuta ta tafi in haɗa su da maganin a kula. Wannan da sauƙi. Mai wuyar shi ne ya ce ba zai bar ɗakinsa na bayan gida ba. Na nuna masa katuwar bishiyar nan da ta yi wa ɗakin rumfa, na roƙe shi ya dawo ɗakinka ko na ɗan lokaci. Ya ce rufin nan da hannunsa ya buga shi tun kana rarrafe, iskar da za ta ɗaga shi ba a haife ta ba. Na tura Auta ta yi masa kuka, ya ba ta alewa ya sallamo ta. Ni suruka ce, iyakata roƙo. Na kuma san ba rufin ne kawai ba. A ɗakin nan ne marigayiya Inna ta cika, gadon da ya yi mata yana nan. In ka samu sarari ka rubuto masa ko layi biyu, wataƙila ya ji taka.

Ka kula mini da kanka. Kada ka hau turke in iska ta fara, ko wa ya ce ka hau. Na ba direba rigar sanyinka da man zafi.

Taka har kullum,
Gajeriyarka

*

Maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya kake, yaya barci a inda aka sauke ku, ana dai ba ku abinci mai zafi? Mu muna nan ƙalau. Takardarka ta iso, na karanta ta har ta yi laushi. Na karanta wa Baba nasa layukan. Ya saurara da kyau, ya ce Allah ya yi maka albarka, sannan ya ce a gaya maka yaron da ya koya wa ɗaura takalmi ba zai koya masa rufi ba.

Amma albishirinka, Baba ya shigo cikin gida. Ba ni na shigo da shi ba, ba kuma kai ba.

Ka san Malama, tsohuwar shugabar makarantar su Babbar, wadda gidanta yake can gangaren layi a bakin babbar kwata. Ita kaɗai ce tun da mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna nesa. Ina wucewa na gan ta tana jan buhun yashi zuwa bakin ƙofa, ta ja ta huta, ta sake ja. Na ce mata ta taho wurinmu har iska ta wuce. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa yaron da bai yi aikin gida ba, ta ce ba ta saba zama a gidan mutane ba. Na ce a raina yau na gamu da Baba na biyu. Sai na canza salo na gaya mata gaskiya: ni kaɗai ce, ga yara masu tsoron tsawa, ga tsoho mai allura, hannuna ba zai kai ko'ina ba. Da ta ji ita ce za ta taimaka, ba ita za a taimaka wa ba, ta shiga ta haɗa jaka. Ta taho da rediyonta, da akwatin littattafai da ta ce gara ita ta jiƙe da su jiƙe, da kyanwarta a cikin kwando.

Na je na gaya wa Baba mun yi baƙuwa, don kada ya ji motsi ya rasa dalili. Ban roƙe shi komai ba, na riga na gaji. Ya tambayi wace ce, na faɗa. Ya ce to. Ina kicin sai ga Babbar tana toshe baki, wai in leƙo. Baba ne yake tsallako tsakar gida da farar rigarsa ta fita unguwa, hula a karkace, filo a hammata. Ya ce mini bai kamata a ce akwai baƙuwa a gida, ga iska tana tafe, babu namiji a kusa ba. Da ya gifta ni na ji ƙamshin turarenka, wanda ka ce ni na ɓatar maka. Yanzu ka san inda ya shiga, sai ka wanke ni.

Tun da suka zauna a falo ba su daina musu ba. Shi yana son wannan tasha, ita tana son waccan. Ta ce katakon tagar falo a karkace yake, ya ce a tambayi almajirar kafinta, shi ido kawai ya sa. Ka ga yadda ya sayar da ni a bainar jama'a. Da Auta ta tona inda yake ɓoye alewa, Malama ta miƙa masa hannu kawai, shi kuma ya zazzage aljihu ya ba ta. Kai da aka haifa a gidan, ka taɓa gwada haka? Kyanwar ma da ya ce kada ta kusance shi, na shigo na tarar tana barci a kan ƙafarsa, ya ƙi motsi don kada ta farka.

Sauran shiri mun gama. Na kwance igiyar shanya, mun shigo da kujeru da bokitai da duk abin da iska za ta iya ɗauka, na zare filogin kayan wuta sai na firiza. Malama ta sa an ajiye takalman kowa da tocila a wuri ɗaya kusa da ƙofa, abin da ni ban tuna ba. Gari ya yi tsit, ko tsuntsu ba a ji, sama ta yi wani launi kamar tsohuwar tukunya. Direba ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe sai guguwar ta wuce.

Ina ta dariya da tsofaffin nan, amma in na tuna ku guguwar za ta fara samu sai dariyar ta ɗauke. Ka tuna akwai masu jiranka. Allah ya tsare mini kai.

Mai ƙaunarka,
Gajeriyarka

*

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Kafin komai, muna raye, muna lafiya, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Ina fatan kai ma haka, da duk waɗanda kuke tare. Direba ya rantse mini ya gan ka da idonsa kana cin burodi a bayan mota. Sai da na sa ya maimaita, don an faɗa a rediyo wani ma'aikacin wuta ya ji rauni, ban san yadda na yi na kai yamma ba. Allah ya ba shi lafiya, ko mijin wace ce.

Guguwar ta iso mana bayan azahar. Gari ya yi duhu kamar magariba, wuta ta yi ƙyaf-ƙyaf ta tafi, sai iska ta fara. Ban taɓa jin irin kukanta ba, kamar manyan motoci suna bi ta kan rufi ba su ƙarewa. Muka taru a falo. Ruwa ya fara kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa, ni da Babbar muna tarewa da tsumma muna matsewa a bokiti. Auta ta manne a jikina tana makyarkyata, sai Malama ta jawo ta, ta ce yanzu za a buɗe makaranta, kowa ya kawo sunan dabba da harafin da aka ba shi. Baba ma ba a ƙyale shi ba. Da ya kasa, ya ƙirƙiro wata dabba ya ce ya taɓa ganinta da ƙuruciya. Malama ta ba shi sifiri, Auta ta yi dariya har ta manta da tsawa.

Muna cikin haka muka ji wata ƙara daga bayan gida, ƙasa ta girgiza, fitila ta faɗo daga tebur. Kowa ya san mene ne.

Da iska ta lafa, kafin rana ta faɗi, muka leƙa. Bishiyar ta tuge tun daga saiwa ta kwanta a kan ɗakin Baba. Babban reshen ya huda rufi ya sauka a tsakiyar gado, daidai inda yake kishingiɗa bayan azahar. Na zauna a cikin ruwa. Baba ya daɗe a tsaye yana kallon gadon Inna da ya rabe biyu. Na ga leɓensa yana motsi, na san addu'a yake yi mata. Malama ta tsaya a gefensa ta riƙe masa lema. Can ya share fuska, ya ɗaga sanda ya ce, "Ku dai zama shaida, ba iska ce ta ɗaga rufina ba. Ko ƙusa ɗaya ba ta zare ba." Ina kuka ina dariya, Babbar tana ɗaga ni.

Gidan Malama kuwa ruwa ya kai taga. Da tana ciki, ban san me zan rubuto maka ba. Ta tsaya ta duba katifarta tana iyo, ta ce littattafai dai sun tsira. Baba ya ce ƙofofin za su kumbura, amma kada ta kira kowa, shi zai tsaya a kai.

Washegari naman firiza ya fara saki, ba namu kaɗai ba, na kowa. Maimakon mu zuba ido ya lalace, muka fito da murhu bakin layi, kowace ta kawo abin da take da shi. Maza suna yanka rassa da zarto suna buɗe hanya, mu muna suya da dahuwa. Rabon da layinmu ya ci nama haka har na manta. Mutanen da gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai ga mu muna ci a faranti ɗaya. Matar mai shago ta ce in haka duhu yake, ka yi zamanka kada ka yi sauri. Na ce mata ta ciji harshenta. Baba yana kan kujera yana ba masu zarto umarni, ya hana a taɓa gindin bishiyar, wai katako ne mai kyau, yana da aikin da zai yi da shi.

Ƙanƙarar kula ta yi iya yinta ta narke, hankalina ya tashi saboda allura. Allah ya taimake mu mai kemis yana da firij mai aiki da hasken rana, ya ce duk mai maganin da ba ya son zafi ya kawo. Yanzu kullum da safe can Baba yake zuwa a yi masa. Na ce zan raka shi, Malama ta ce in zauna in ji da gida, ita za ta kai shi, tafiya ma magani ce ga mai sukari. Ka san kemis ɗin, in ka yi tari a ƙofarmu za a ji a can. Amma sai in gama shara, in gama wanke-wanke, in ɗora tukunya, ba su dawo ba. Ni dai nawa ido.

Duhun bai dame mu ba. Muna cin abinci da wuri, yara suna inuwar zomo a bango da tocila. Kai ne kawai babu. In na ga turakun da suka kwanta a titi sai in tuna hannuwanka, in ji tausayi da alfahari sun haɗe mini wuri ɗaya.

Matarka mai jiranka,
Gajeriyarka

*

Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gajiya tana sakinka, bayan kuma ya yi sauƙi. Mu lafiya sai godiya. Wuta ta dawo jiya da la'asar, layi duka ya ɗauki sowa, Auta tana bi gida-gida tana cewa babanta ne ya aiko ta. Ban ƙaryata ta ba.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Gidan Malama ya bushe, mun taya ta wanke shi, ta koma. Tun ranar Baba ya canza. Shayi ba daɗi, rediyo ba labari, abinci sai ya tsakura ya ture. Na tsorata na ce ko sukarin ne, na kai shi aka gwada, lafiya lau. Shekaranjiya bayan yara sun tafi makaranta ya kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya tambaye ni ko ƙofar Malama tana rufuwa yanzu, na ce tana rufuwa. Ya tambayi ko ta samu katifa, na ce ta samu. Ya yi ta kewaye-kewaye har ƙafata ta yi sanyi. Daga ƙarshe ya dubi bango ya ce, "Ke 'yata ce, ba suruka ba. Ki rubuta wa mijinki, ki ce ubansa yana son yin aure, yana so ya ji ta bakinsa kafin mutanen layi su ji."

Na rasa inda zan sa idona. Shi ma haka. Da wani ya shigo da ya ɗauka gaisuwar mutuwa ake yi.

Na san Inna za ta faɗo maka a rai, ni ma ta faɗo mini. Shi ya riga mu. Ya ce bai manta da ita ba kuma ba zai manta ba, amma ranar da ya ga reshen nan a kan gado ya gane Allah ya ƙara masa kwana, ba ya so ya ƙarar da su yana kallon bango. Ya ce da tana iya magana da ita za ta fara yi masa faɗan zaman kaɗaici. Na ari bakinka na ce masa ka yarda, don na san zuciyarka. In na yi kuskure ka zo ka hukunta ni, ni dai ka zo.

Ya aike ni in ji ta bakin Malama. Na je na yi ta inda-inda, tana goge tabarau tana saurarena har na kai aya. Ta ce duk shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta taɓa karɓar aikin da wani ya yi wa wani ba, mai magana ya zo da bakinsa. Na kawo masa saƙo, ya ce wannan mata da tsauri take, yana faɗa yana murmushi.

Yanzu haka da nake rubutun nan ya tafi. Ya kai ƙofa ya dawo wai ya manta hula, alhali tana kansa. Ya sake fita ya dawo ya sha ruwa. Ina bakin taga ina kallonsa yana gangarawa a hankali, ya tsaya gaisawa da duk wanda ya gani, har da wanda ba su saba ba. Ya kai, ya yi sallama, an buɗe.

Direba yana ta danna mini hon, dole in rufe. Ban ji abin da suka ce ba, nisa ya yi yawa. Amma ga Malama can da kanta ta fito da kujeru biyu ta ajiye a ƙofar gida, inda duk layi zai gani, ta kakkaɓe ɗaya ta nuna masa, ya zauna.

Ka taho da wuri, ka kuma yi aski a hanya. Kai ne uban ango.

Taka, mai ɗokin ganinka,
Gajeriyarka